Ƙahon Panteka

A Panteka na same shi, ranar wata Talata,
ƙarƙashin tarin sifirin mota da murafen tukwane:
ƙaho na tagulla, kamu ɗaya da ɗani,
bakinsa a buɗe kamar furen kabewa,
wuyansa ya lanƙwashe sau biyu, ya tsuke.
Mai gwangwan ya ɗora a sikeli, ya ce kilo ɗaya da rabi.
Shi nauyi yake sayarwa.
Na biya, ban taya ba.

Mu shida muka rage a garin nan da ba mu yar da garmaho ba.
Duk Asabar bayan la'asar
sai shagon Lasisi mai gyaran agogo, a Tudun Wada,
kowa da akwatinsa, kowa da faifansa naɗe a tsumma,
da gwangwanin allura da ake ƙirgawa kamar kuɗin gado.
Samari kan leƙo, su yi dariya, su wuce da waya a kunne.

Na ajiye shi a kan benci. Shayi ya huce a kofi.

Lasisi ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya,
ya bi shi da farce yana neman hatimi.
Rabin harafi ya samu, shekaru sun lashe saura.
Ya gwada a wuyan garmahonsa, bai shiga ba.
Ya gwada a nawa, ya suɓuce, ya yi ƙara kamar tasa.

Tanimu ya ce begilar soja ce ta zamanin Boma.
Ya cika kumatu ya busa,
sai ga iska da gawar gizo-gizo.
Yohanna Dogo, tsohon ma'aikacin Reluwe,
ya rantse da irinsa ake kiran fasinjan Kafanchan.
Maikano ya shinshina, ya ce mazurarin kananzir ne,
mu daina wahalar da kanmu.
Ladan ya kira magariba. Muka tafi, Yohanna na gadin shago,
muka dawo kowa na nan kan bakansa.

Baba Jatau ne kaɗai bai tofa ba.
Shekara tara ke nan da kunnensa ya toshe.
Yakan zo ya ɗora tafin hannu a jikin akwati,
ya ji kiɗa na rawa a cikin katako,
ya kalli bakinmu, in mun yi dariya ya yi.
Faifai arba'in gare shi. Duk Juma'a sai ya goge su.

Jikarsa Lantana ke rako shi.
Jira ya ishe ta, ta jawo kayan manya tana wasa.
Duk mun ba shi baki, ita sai ta ba shi kunne.
Ta zabura: Ga jirgi can kan gada!
Mu ba mu ji komai ba.
Sai can kukansa ya iso mana daga wajen kogi.

Lasisi ya cire gilashi a hankali,
ya shafa tsukakken bakin, sumul, ba zare, ba haƙori.
Ya ce: Kai.
Tun la'asar muke tambayarsa me yake faɗa.
Wannan ba ya magana. Saurare yake yi.

Na wana garmaho. Sabuwar allura.
Faifan Baba, wanda gefensa ya ɓantare.
Lantana ta riƙe masa ƙahon da hannu biyu.
Shuuu, ƙas, ƙas, sannan kalangu ya shigo.

Ban san wane kurma ya fara mallakarsa ba,
Bature ne, ko wani tsohon akawu,
ko me aka raɗa a cikinsa na ƙarshe kafin a jefar.
Abin da na gani shi ne
babban yatsan ƙafar Baba Jatau ya ɗaga daga takalmi,
ya sauka daidai kan kiɗa.
Ya ce, da muryar wanda ya manta ƙarfin muryarsa:
Gudu yake yi. Ku rage masa.

Aka rage.

Na koma gida ba ƙaho.
Kilo ɗaya da rabi, in ji mai sikeli.